Gure: ƙwarya, fatar guza da wutsiyar doki

Duk wanda ya bar Damagaram ya nufi gabas bisa babbar hanyar kwalta, ya wuce Mirya da lambunanta, ya wuce Gidimuni da tabkinta, ya ratsa Gidigir, to bayan tafiyar kilometir 160 da ƴan kai zai hango duwatsu sun ɗago kai daga cikin rairayi. Nan ne Gure, babban garin ƙasar Muniyo. Mafi yawan matafiya ba su san garin ba sai a tasha: direba ya tsaya ya sha mai, fasinja su yi salla, su sayi dabino ko tabarmar kaba, a ci gaba zuwa Maine Sorowa da Difa. Daga nan ne ma hanyar da ƙasar Kanada ta taimaka aka shimfiɗa cikin shekarun 1970, wadda ake kira hanyar haɗin kai, ta tashi har zuwa Ngigmi. Shi kuwa ma'aikacin gwamnati da aka turo daga Yamai, lissafin farko da yake yi na nisa ne, don ya baro babban birni da fiye da kilometir 1,000.

Ƴan kasuwa sun san wannan ƙasa da kanwa da ƙaro da bisashe. Kanwar tana fitowa daga kwaruruka, wato manyan ramukan nan da ke tsakanin tuddan rairayi, inda ruwa ke kusa da bisa har dabino da goriba suke tsayawa kore ko da rani ya kai iyaka. Bisashe kuwa ana koro su daga Kutus da Tesker zuwa kasuwanni irin na Subdu da Gidigir, daga can su gangara Najeriya. Amma akwai wata haja da ba a baza ta a rumfa, ba ta da dillali, kuma ɗan duwan bai san da ita ba cikin littafinsa. Ita ce goge. Ba a sayen goge yadda ake sayen tabarma. A al'ada, wanda ke son ya goga shi ke haɗa abinsa, ko ya je ya zauna kusa da wanda ya riga shi, yana kallo yana miƙa masa wuƙa, har ranar da nasa hannun zai faɗa.

A watan Disamba na 1852 wani matafiyi Bajamushe, Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasashen nan suka sani da Abdulkarimu, ya sauka Gure kan hanyarsa daga Kukawa zuwa Damagaram. Ya iske Muniyoma Koso bisa gadon sarauta, ƙarƙashin Shehun Barno, ya kuma rubuta cewa sarkin yana iya fitar da mahaya dawaki wajen 1,500 ranar yaƙi. Masana tarihi kan karanta wannan adadi su auna ƙarfin Muniyo kafin Damagaram ta rinjaye ta. Da mai haɗa goge zai ji labarin, wani lissafi zai yi dabam: doki 1,500, ai wutsiya 1,500 ke nan, kuma daga wutsiyar doki muryar goge take fitowa.

Gure mahaɗa ce. Mangawa su ne ƴan ƙasa mafi yawa, ga Hausawa, ga Fulani, ga Tubawa da Buzaye da Larabawa masu saukowa daga arewa. Abin lura shi ne kusan kowace al'umma cikin waɗannan tana da nata abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya da ake gogawa. Bahaushe ya ce goge, ƙaramin kuma ya ce kukuma, sunan da Barebari ma suka sani. Buzaye suna da imzad, wanda a wurinsu mata ne ke haɗa shi kuma su ke kaɗa shi. Tubawan Tibesti suna kiran nasu kiiki. Harsuna sun bambanta, waƙoƙi sun bambanta, amma dabarar ɗaya ce: kwando ko ƙwarya, fata, sanda, gashin doki.

Aikin yana farawa daga ƙwarya, kuma ba kowace ba. Ana neman duman da ya nuna sosai bisa yaɗonsa kafin a tsinke shi, mai kauri, mai zagaye daidai, wanda bai da tabon ƙwaro ko tsagewa. Mai neman ya kan ɗaga ta ya ƙwanƙwasa da yatsa ya kai kunne, kamar yadda mace ke gwada tukunya a kasuwa. Girmanta shi ke yanke irin muryar da za a samu: babbar ƙwarya tana ba da murya mai kauri irin ta dattijo, ƙarama tana ba da siririyar muryar kukuma mai huda taro. A fafe ta, a kankare cikin har ya yi sumul, sa'an nan a huda ta gefe biyu masu fuskantar juna inda sanda za ta ratsa. A nan ne sabon shiga ya kan yi asararsa ta farko, domin ƙwarya busasshiya ba ta son a matsa mata. In aka tura sanda da ƙarfi sai ta dare, in ramin ya yi faɗi kuma sandar ta riƙa rawa, kiɗa ya riƙa fita da karkarwa.

Sai fata. Abin da aka fi so ita ce fatar guza, ko ta ɗan uwanta damo, wanda ake yi wa kirari da sarkin haƙuri. Dalili kuwa, fatar tana da sirantaka amma tana da ƙarfi, ba ta saki da wuri, kuma ko ƙanƙanin motsi ya taɓa ta sai ta amsa. In ba a samu ba ana iya sa ta akuya, kamar yadda Buzaye ke yi wa imzad, sai dai muryar ta kan fito da laushi, ba ta kai nesa. Ana jiƙa fatar har ta yi taushi, a shimfiɗa ta bisa bakin ƙwaryar tana jiƙe, a ja nan a kafa ƙusa, a ja can daura da shi a kafa wata, a haka har a zagaye. Daga nan sai haƙuri. Ana ajiye ta a inuwa ta bushe a hankali, don tana bushewa tana tsukewa tana ƙara ɗamewa da kanta. Wanda ya ja ta da yawa tun tana ɗanya, gobe zai iske ko fata ta yage ko ƙwarya ta fashe. Wanda ya yi sakaci kuwa, gogensa zai yi magana kamar mai mura. Tsakanin waɗannan biyu babu ma'auni sai yatsan mutum. In ta bushe, a yanke ɗan rami a gefen fatar, ƙofar da murya za ta fito.

Tsirkiyar goge ba igiya ɗaya ba ce. Tsagiya ce, wato gashin wutsiyar doki da yawa da aka haɗa wuri ɗaya, aka wanke shi daga maiƙo da ƙura, aka taje, aka jera shi ba tare da an murɗe ba. Ana ɗaure bakin ɗaya a gindin sandar da ya ɓullo ta bayan ƙwarya, ɗaya bakin kuma a can sama da tsinken fata. Dole kowane gashi ya ɗame daidai da ɗan uwansa, domin guda biyu ko uku kawai in suka yi sako-sako sun isa su cika kiɗan da shesheka. Ƙarƙashin tsirkiyar, bisa fata, ana tsayar da wani ɗan itace mai ƙafafu da ake kira jaki, kuma wanda ya raɗa masa sunan ya san abin da yake faɗi, don shi ke ɗauke da kayan duka: shi ke karɓar rawar tsirkiya ya sauke ta bisa fata. A matsa shi gaba kaɗan ko baya kaɗan, murya ta sake. Izga, abin gogawar, ƙaramin baka ne na itace ko na ƙarfe da aka ɗaura wa nasa gashin dokin.

Duk da haka, in aka ɗora izga bisa tsirkiya a wannan mataki, ba abin da za a ji sai iska. Gashi bisa gashi santsi yake yi. Sai an goga masa ƙaro, shi ya sa za a ga ɗan dunƙulen ƙaro manne a jikin ƙwaryar, mai goge yana kai izga gare shi tsakanin waƙa da waƙa. Abin da ƙaron ke yi shi ne ya sa izga ta kama tsirkiya ta ja ta, tsirkiyar ta kuɓuce ta koma, izga ta sake kama ta, a haka sau ɗaruruwa cikin daƙiƙa ɗaya. Wannan kamawa da kuɓucewa ita ce kunne ke ji a matsayin kiɗa. Mai goge ba ya danne tsirkiya bisa sanda, yatsunsa taɓa ta kawai suke yi daga gefe, saboda haka yana iya zamewa daga wannan murya zuwa waccan kamar maƙogwaron mutum. Hausa kuwa harshe ne mai hawa da sauka, shi ya sa masu saurare suke jin kalmomi cikin gogen, su ce ga kirarin wane yana faɗi, alhali bai buɗe baki ba.

Turawa ma suna da nasu gogen, wanda Faransawa ke kira biyolon. Tsirkiyarsa huɗu, jikinsa duka itace ne, kuma an yi masa siffar da yake da ita yau a arewacin Italiya cikin ƙarni na 16, musamman a garin Kremona, a gidan Amati. A garin ne Antonio Stradivari ya yi aiki har rasuwarsa a 1737. Biyolon ɗaya yana ɗauke da guntayen itace wajen 70. Fuskarsa da bayansa daga itatuwa iri biyu ake sassaƙa su, a kankare har kaurin fuskar ya dawo kimanin milimetir 3, a haɗa da danƙon da aka dafa daga fatar dabba, a shafe da fenti mai sheƙi shafi bisa shafi. Don ƴan kasuwa su auna abin: a 2011 an sayar da wani biyolon da Stradivari ya yi a 1721 kan dalar Amurka kusan milyon 16, kuɗin da suka haura miliyar 7 na sefa. Amma ko wannan mai tsada, in ba a goga shi da gashin wutsiyar doki da ƙaro ba, kurma ne. A nan shi da gogen Muniyo uwa ɗaya uba ɗaya suke.

Kada a ɗauka na Turawan ya fi ta kowace fuska. Itacen da aka kankare haka ba ya jure bushewar iska. Biyolon da ya kwana cikin hunturun Gure ba tare da kulawa ba yana iya tsagewa ko haɗinsa ya buɗe. Goge kuwa hunturu lokacinsa ne, sa'ad da fata ke ɗamewa muryarsa ta fito tangaran. Damina ce ke wahalar da shi, in laima ta shiga fatar ta saki, sai ka ga mai goge ya kai shi kusa da wuta yana juyawa kafin ya fara.

Inda Turawan suka yi nisa wani wuri ne dabam. A ƙasashensu, ban da gwanayen da suka yi lakwal ɗin wannan sana'a a Kremona ko a Mirecourt ta Faransa, akwai mutane masu yawa da ke sassaƙa biyolon don sha'awa kawai. Likita ne, ko injiniya, ko malamin lakwal da ya ajiye aiki, ya ware ɗan ɗaki a bayan gida, ya yi shekara ɗaya ko biyu bisa biyolon guda, ba da niyyar sayarwa ba, wataƙila ya ba jikarsa. Abin da ya sa hakan ya yiwu shi ne an rubuta komi: tsawo, faɗi, kauri, zanen kowane gefe. Har sifofin katako da kayan aikin Stradivari suna nan ajiye a gidan tarihi na Kremona, kowa na iya zuwa ya duba. Goge ba shi da takarda. Ma'auninsa taƙi ne da yatsa da kunne, kuma duka ukun ana binne su tare da mai su.

Kayan aikin ma ba su nan yadda suke dā. Gure ƙasa ce da ruwan samanta bai cika wuce milimetir 300 a shekara ba, kuma tun farin 1973 da na 1984 rairayi ya taso yana cin kwaruruka ɗaya bayan ɗaya. Mai tafiya zai ga shingaye na kalimbo da na sandunan kaba an jera su gida-gida bisa tuddai don a tsayar da yashin, wani wuri an ci nasara ciyawa ta dawo, wani wuri shingen ne kansa ya nutse. Guza dabbar bakin ruwa ce, inda tabki ya ƙafe ita ma ta yi ƙaura. Ga shi kuma fatarta haja ce da masu jima na Turai ke nema don jaka da takalmi, har cinikinta tsakanin ƙasashe ya shiga ƙarƙashin yarjejeniyar kare namun daji, a gida kuma akwai dokar farauta ta 1998 da ma'aikatan gandun daji ke tsaro. Doki ya ja baya gaban babur. Saurayin da kakansa ke ɗaure da ingarma a ƙofar gida, shi kabu-kabu yake yi, dawakin da suka rage kuwa na sarakuna ne da masu hali, sai ranar salla ko tarbar baƙo ake ganinsu, kuma ba kowane mai doki zai yarda a kusanci wutsiyar dokinsa da wuƙa ba. Ƙwarya ita ma roba da kwano sun rage mata kasuwa.

Wannan duka ana iya yi masa dabara. Marigayi Ɗan Maraya Jos da kuntigi ya zagaya duniya, abin kiɗan da ake haɗawa da gwangwanin kifi, kuma ba wanda ya raina muryarsa. Babban cikas ɗin yana zukatan mutane. Kirarin goge a Hausa shi ne kan bidi'a. Shi ke kiran iskoki a wasan bori, kowane da takensa, Sarkin Rafi da nasa, Ɗan Galadima da nasa, masu ƙwarya suna amsawa da tsinke. Shi ke raya daren gidajen mata masu zaman kansu a bariki. Malaman jihadi na ƙarni na 19 sun yi hani da shi, masu wa'azi na yanzu ma ba su sassauta ba. Ban da wannan, kiɗa a ƙasar Hausa da Barno sana'a ce ta gado, ana haɗa ta da roƙo, ɗan mai mulki ko ɗan malami ba ya taɓa ta. Saboda haka ko da Garba Liyo ya cika fili da gogensa, ko Hassan Wayam da Garba Supa suka cika kasat da kukuma, alhazai suna yi musu kari, ba alhajin da ya so ɗansa ya gaje su. Yanzu kuwa a gidan biki ɗan ƙaramin katin waya da lasifika sun wadatar, ba sai an ciyar da makaɗi da yaransa ba.

Hukuncin sauraren kiɗa magana ce ta malamai, su suka san ta. Amma akwai abin dubawa ga yadda ake murna duk sa'ad da baƙi suka yaba abin da ƴan gida ke jin kunyar taɓawa. A 2013 hukumar UNESCO ta sa imzad cikin jerin gadon ɗan Adam da sunan ƙasashe uku, Aljeriya da Mali da Nijar, shekara ɗaya bayan ta sa sana'ar biyolon ta Kremona. Kafin a kai ga haka, sai da wata ƙungiya a Tamanrasset ta tara ƴan tsofaffin matan da suka rage, ta zaunar da ƴan mata gabansu su koyi kaɗawa su kuma koyi haɗawa. A Yamai, cibiyar koyar da kiɗa mai sunan Alhaji Taya, wadda aka buɗe a 1989, ta tara kayan kiɗan ƙabilun ƙasa a ɗaki guda. Aiki ne mai kyau, sai dai gogen da ke rataye a bango ba ya gaya wa mai kallo ko yaya aka ja fatarsa.

Ƙasar Gure kanta ta ba da misali. Malam Mamman Barka, Batube, an haife shi a Tesker cikin ƙarshen shekarun 1950, sa'ad da Tesker ke ƙarƙashin Gure. Malamin lakwal ne, ma'aikacin gwamnati kamar kowane, ya ɗauki gurmi yana waƙa da Hausa da sauran harsunan ƙasa har sunansa ya cika Nijar da arewacin Najeriya. A 2002, da tallafin UNESCO, ya tafi bakin tabkin Cadi wurin Bukar Tar, dattijon da ake ganin shi kaɗai ya rage mai kaɗa biram, wani abin kiɗa na Buduma masunta mai tsirkiya biyar da siffar kwalekwale. Ya zauna gabansa zaman almajiri har ya iya. Bayan rasuwar dattijon, Barka ne ya fita da biram zuwa Turai, aka ɗauki muryarsa a faifai. Shi ma ya rasu a Yamai a 2018. Da ya tsaya jin kunyar abin da abokan aikinsa za su ce a buro, da biram ya bi mai shi kabari.

Goge bai kai ga halin biram ba, har yanzu ana jin sa daga Damagaram zuwa Maraɗi da Dogondutsi. Amma masu haɗa shi ba ƙaruwa suke yi ba. Ma'aikacin da aka turo Gure yana da abin da makaɗin ƙauye ba shi da shi: alƙalami, ma'aunin santimetir, wayar ɗaukar hoto, da dogon yammaci bayan an tashi daga aiki wanda yawanci shayi da karta ke cinyewa. Ɗan kasuwar da ke zaga kasuwannin ƙauye kuwa ya san inda ake samun duma mai kauri, ya san wane mai unguwa ne ke da doki. Kayan ba su da tsada, wuƙa da basilla da ƴan ƙusoshi sun isa. Lokacin da ya dace shi ne bayan kaka, sa'ad da duma ya bushe bisa danni kuma iskar hunturu ta fara kaɗawa. Wanda zai gwada, in ya je wurin mai ƙorai ya sayi uku, don ta farko ba ta cika kai labari ba.